Jan Magani a Teburin Mista Chipeta

Ranar da aka buɗe sashen masu ciwon daji a asibitin, har awaki aka yanka. An kafa rumfa, 'yan makaranta sun yi waƙa, wani babba daga Lilongwe, babban birnin ƙasar, ya yanke ƙyalle da almakashi, aka yi ta tafi. Aka zagaya da shi ya ga sababbin gadaje da shuɗin labule. Abu ɗaya ne ba a nuna masa ba, wato ɗakin da za a riƙa haɗa maganin, don kuwa babu shi. Sai da baƙi suka watse aka tuna. Aka kwashe tsintsiyoyi da bokitai daga wani ɗan lungu a ƙarshen baranda, aka cusa tebur, aka manna takarda a ƙofa. Shi ke nan, ɗaki ya samu.

A nan Sista Towera Chirambo ta yi shekara biyu. Taga babu. Fanka ɗaya ce a sama, ita ma tun kafin zuwansu ta mutu.

Su uku ne masu haɗa maganin. Ita Towera, mai shekara talatin da uku da 'ya ɗaya. Sai Sista Fyness Kalua, babbarsu, wadda ta haura shekara ashirin tana aikin jinya, bakinta kuwa ko Metiron, shugabar nas-nas, tana shakkarsa. Sai Lusungu Nyasulu, ƙaramarsu, wadda ba ta daɗe da fitowa daga makaranta ba, har yanzu tana goge takalminta kullum da safe.

Aikin ba shi da wuya a ido. A buɗe kwalba, a zuƙo da sirinji, a ɗura cikin ledar ƙarin ruwa, a rubuta sunan majinyaci. Akwai wani ja jawur kamar zoɓo, in ya ɗiga a tebur sai ya bar tabo. Safar hannun da ake ba su irin siririyar nan ce ta duba majinyaci, in ta yage sai an je an tsaya gaban mai sito ana bayani kamar daga aljihunsa za ta fito. Takunkumi kuwa na takarda ne, mai laushi tun kafin azahar. A wannan ɗakin dai suke shan shayinsu da mandasi, wato fanken ƙasar, saboda ɗakin hutun nas-nas an mayar da shi ofis. An ba wa Mista Chipeta, jami'in kula da lafiyar ma'aikata a wurin aiki. Taga biyu gare shi, ɗaya ma tana kallon tafki, ga kujera mai juyi. Ai dole mai kula da lafiyar mutane ya sami iska.

Towera mace ce da al'adarta ba ta saɓa lokaci. Tun tana budurwa haka take, ko kalanda ba ta dubawa. To, sai wata ya zo ya wuce shiru. Na biyu ma haka. Ga tashin zuciya da safe, ga ciwon kai da ke kama ta a wurin aiki. Shekara bakwai ke nan da haihuwar 'yarta, dangin miji sun gaji da tambaya har sun koma kallo kawai. Wata Asabar tana tuƙa tuwon nsima ta faɗa wa mijinta Lameck, malamin firamare.

Ya ajiye littattafan da yake makin su, ya kira ta da sunan gidansu irin na girmamawa. "NyaChirambo, da gaske?"

"Ban tabbata ba tukuna. Kada ka faɗa wa kowa."

"Ni? Haba! Wa zan faɗa wa?"

Kafin Laraba uwarsa ta aiko da kaza da ƙullin gyaɗa daga ƙauye, da saƙon kada surukarta ta ƙara ɗaukar bokiti.

Ta yi gwajin fitsari, babu. Ta sake, babu. Ta ce ko tsinken gwajin ne ya lalace, ta je aka yi mata hoton ciki. Likitan ya zagaya na'urar a mararta yana amsa waya da ɗaya hannun.

"Ba komai, Sista. Gajiya ce. Ki rage tunani."

Da ta koma gida ta gaya wa Lameck, ya dubi tsakar gida, inda kazar ke ɗaure da ƙafa ɗaya. Can ya ce, "To ita wannan fa?"

"Yanka abarka ka ci. Ai kai ka yi shelar."

Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ba ta yi kuka ba, haushi ne ya cika ta, ba ta ma san na wa ba.

Bayan mako biyu, da hantsi, Lusungu tana rataya wa wata tsohuwa ledar ruwa, sai tsohuwar ta jawo gefen rigarta ta raɗa mata, "Jikata, dubi bayanki." Farar rigar ta ɓaci da jini har ƙasa. Kamar an kira ta, sai ga Metiron Jere tana zagayen safe, da makullai suna ƙara a ƙugunta.

"Nyasulu! Wane irin ƙazanta ne wannan a gaban majinyata? Mace ba ta san kwanakinta ba? A zamaninmu da an kore ki gida."

Towera ta ɗaura wa Lusungu zani ta ja ta zuwa ɗakin haɗa magani. Tana zama a kan kwali sai hawaye.

"Yaya, yau kwana goma sha tara ke nan. Ba ya tsayawa. Auduga uku nake canzawa kafin tashi aiki. Watan jiya ma haka."

Fyness ta ajiye kofin shayinta. "Tun yaushe?"

"Tun wajen bikin Ista."

"Ni nawa ya ɗauke, yau shekara guda," in ji Fyness. "Na ɗauka tsufa ne ya zo da wuri. Har na yi murna, na ce na huta da wanki."

Towera ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Ni wata uku. Ba ciki ba ne."

Fyness ce ta tuno da Sista Eneless, wadda Lusungu ta maye gurbinta, da ta yi ɓari sau biyu a shekara ɗaya kafin mijinta ya ɗauke ta suka koma kudu. A lokacin cewa aka yi asiri ne daga dangin miji, har da addu'o'i a coci.

A cikin kowane kwalin magani akwai wata takarda a ninke, mai ƙananan rubutu kamar tururuwa. Da ita suke naɗe mandasi. Towera ta warware guda, duk maiƙo, ta karanta musu a fili: kada ya taɓa fata, kada a shaƙa, a haɗa shi cikin akwatin gilashi mai zuƙe iska, da safar hannu mai kauri ninki biyu da riga ta musamman, mai ciki ko mai neman haihuwa ta yi nesa da shi. Ba wai ba su taɓa ji ba ne. An koya musu a makaranta, shafi ɗaya da rabi, sun ci jarrabawa sun wuce. Sai dai in asibiti guda ya ba ka ɗaki ya ce nan ne, da likitoci da manaja da jami'i mai taga biyu, ba ka kawowa a ranka cewa babu wanda ya karanta takardar mandasin.

Suka rubuta wasiƙa, su uku suka sa hannu. Mako uku ba amsa. A na huɗu aka sanar cewa an kafa kwamiti.

Maza biyar ne da Metiron. Suka zauna a ɗakin taro da lemo da biskit a gabansu, nas-nas ukun kuma aka jera su a benci kamar waɗanda suka saci akuya. Mista Chipeta ne shugaba. Ya sa taye mai ɗigo-ɗigo, ya buɗe fayil, ya yi gyaran murya sau uku.

"To, 'yan'uwa mata, mun ga koke-kokenku a kan… a kan abin nan naku. Na wata-wata."

"Al'ada, Adada," in ji Fyness, tana kiransa baba da yarensu. "Sunanta ke nan. Ba ta cizo."

Akawun da ke rubuta bayanin taro ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Metiron ta harare ta.

"Kalua, ki san a gaban wa kike. Wannan ba maganar da mace ke yi a gaban maza ba ce."

"Amama, ba mu muka gayyato su ba," in ji Fyness, tana kiranta inna da yarensu.

Mista Chipeta ya ɗaga hannu. "Kwamiti da hujja yake aiki. Ke Sista Chirambo kin ce naki ya tsaya. Ke Sista Nyasulu kin ce naki ya ƙi tsayawa. To ta yaya magani ɗaya zai tsayar da na wannan ya kuma sako na waccan? Ai kun ga maganarku ta ci karo." Ya dubi sauran mazan, suka gyaɗa kai kamar ya warware wata ƙulalliya. "Sa'an nan ina shaidar cewa ya tsaya ɗin?"

Towera ta dube shi. "Shaidar abin da bai zo ba kake so in kawo maka? A cikin me zan zubo shi?"

"Ni ina da shaida," in ji Lusungu a hankali. Ita ce magana ta farko da ta yi. "Tana cikin kwandon banɗaki. In kwamiti yana so, sai in ɗauko."

Mai kula da sito, wanda shi ma ɗan kwamiti ne, ya ajiye biskit ɗin da ya kai baki.

Wani ya tambaya ko suna shan maganin tsarin iyali. Wani ya ce matarsa ma takan yi haka in ta yi fushi. Wani ya tambayi Lusungu ko tana da saurayi, Fyness ta tambaye shi ko nema yake. Towera ta miƙa takardar kwalin, Mista Chipeta ya karɓa da yatsu biyu saboda maiƙo, ya ce ai Turawa haka suke rubuta komai don tsoron kotu, ko a kwalin maganin ciwon kai sai ka ga an ce zai iya kashe ka.

Bayan kwana goma rahoto ya fito. Kwamiti ya gano cewa maganin ba shi da wata illa ga ma'aikacin da ke bin ƙa'ida, kuma matsalar ma'aikatan uku ta samo asali ne daga damuwa da rashin motsa jiki. Aka shirya musu bita ta wuni guda a kan wanke hannu da kwantar da hankali. Wata mata ta zo daga birni ta koya musu jan numfashi a hankali da sakinsa. Aka raba riguna masu rubutu a ƙirji. Aka manna hoton wata nas tana murmushi a ƙofar ɗakin. Sai kuma babbar kyauta: aka gyara fankar. Da, abin da ya tashi daga kwalba yakan tsaya a kan tebur. Yanzu fanka na raba shi daidai wa daida, har cikin kofin shayi.

Ran Litinin Towera ta zo ta tarar da mutum goma sha huɗu a kan benci suna jira. Akwai wanda ya taso tun daga kan iyaka, ya sayar da buhun masara ya yi kuɗin mota. Lusungu tana gida, jiri ya kayar da ita, an ce jininta ya yi ƙasa. A hanya Towera ta yanke cewa yau ba za ta haɗa komai ba. Da ta ga fuskokin da ke bencin, ta san ba za ta iya ba. Su me suka yi?

Ta shiga ɗakin ta tsaya, fanka na kaɗa mata hula. Sai ta ɗauki tire, ta jera kwalaben jan maganin, da sirinji, da ledojin ruwa.

"Ina zuwa kuma?" in ji Fyness.

"Inda akwai taga."

Fyness ta dube ta, ta dubi tiren, ta cire safar hannu. "Tsaya in zo. Wannan ba na so a ba ni labari."

Mista Chipeta yana karanta jarida, ga soyayyen rogo a faranti, sakatariyarsa tana buga na'ura a gefe. Towera ta yi sallama da ladabi, ta matsar da farantin, ta ajiye tiren a tsakiyar teburin.

"Ina kwana, Adada. Ɗakinmu ya yi zafi, ga majinyata sun yi yawa. Zan ɗan haɗa a nan, minti arba'in kawai. Ci gaba da karatunka."

Ya dubi kwalaben. Kujera mai juyi ta yi baya da shi har ta bugi bango.

"Mene ne wannan? Sista, kin haukace? Fitar da shi!"

"Ba shi da illa, Adada. Shafi na biyu na rahotonka. Ni kuma mai bin ƙa'ida ce, ka ga na wanke hannu." Ta ɗauki kwalba ɗaya ta ɗaga ta wajen haske.

"Kada ki buɗe! Na ce kada ki buɗe!" Ya zaro hankici ya toshe hanci da baki. "Ina da iyali! Ina da 'ya'ya ƙanana!"

"Allah sarki," in ji Fyness daga bakin ƙofa. "Ja numfashi a hankali, Adada, ka sake shi. Damuwa ce."

Sakatariyar tuni ta fice da jakarta. Mista Chipeta ya bi ta gefen bango, ya ture Fyness, ya fita baranda yana kiran masu gadi. Akawuna suka fito daga ofisoshi, da suka ji abin da ke ciki su ma suka yi waje, har da mai rubuta bayanin taro. Cikin minti biyar ginin mulki ya zama fanko, manya duk suna tsaye a ƙarƙashin bishiyar mangwaro da hankici a hanci. Majinyata da masu jinya suka leƙo ta tagogi suna kallo.

Towera ba ta buɗe ko kwalba ɗaya ba. Ta tsaya ta kalli tafkin ta taga na ɗan lokaci, don ba ta taɓa sanin ana hango shi da kyau haka ba. Sa'an nan ta ɗauki tirenta ta koma lungunsu, ta kashe fanka, ta haɗa wa mutum goma sha huɗu maganinsu, Fyness na taya ta.

Wasiƙarsu ta ɗauki mako huɗu. Takardar tuhuma kuwa kafin la'asar ta iso. Metiron da kanta ta kawo, fuska a murtuke. Ana tuhumar Sista Towera Chirambo da shigar da sinadari mai matuƙar haɗari ga lafiyar ɗan Adam cikin ofishin da ba a tanadar masa kariya ba, abin da ya jefa rayuwar ma'aikata cikin hatsari. Ga hatimi, ga sa hannun Mista Chipeta, ga na manaja.

Towera ta karanta, ta tuna aikin nan shi ne abincin gidanta. Fyness ta fizge ta karanta, sai ta fashe da dariya har tana dafa bango.

"Amama, na gode. Shekara biyu muna neman wanda zai rubuta mana wannan. Ƙanwata, kada ki naɗe mandasi da ita."

Washegari Fyness ta kai takardar da rahoton kwamiti ofishin ƙungiyar ma'aikatan jinya, ta ajiye su gefe da gefe. Ba ta ma yi dogon bayani ba. Wakiliyar ƙungiyar ta karanta ɗaya, ta karanta ɗayar, ta ɗauki waya.

Abin da ya biyo baya ba shi da wani armashi. Aka janye tuhumar ba tare da an ce an janye ba. Aka mayar da haɗa magani wani ɗaki mai taga kusa da wurin wanki. Safar hannu mai kauri ta zo, kwali shida, aka ɗauki hoto da ita. Akwatin gilashin kuwa aka ce yana cikin kasafin baɗi. Lusungu ba ta dawo ba, ta sami aiki a wani ƙaramin asibitin haihuwa a garinsu. Towera kuma aka ce ƙwarewarta ta fi dacewa da karkara, aka tura ta wata cibiyar lafiya mai nisan awa uku a kan hanyar da mota ba ta bi in an yi ruwa. Lameck ya yi ta ƙorafi mako guda, daga baya ya nemi canjin makaranta ya biyo ta da 'yarsu.

A watanta na biyar a can, ranar awon jarirai, tana rataya wani ɗan lukuti a sikeli ta ji mararta ta murɗa irin murɗawar da ta sani. Ta miƙa wa uwar ɗanta, ta zagaya baya. Da ta fito, sai ta zauna a kan dutse bayan ginin, inda waya ke kamawa, ta kira Fyness.

"Yaya, ya dawo."

"Kai! Barka, barka. Ni dai nawa ya tafi ke nan, ko sallama bai yi ba."

"Ya ɗakin?"

"Safar ta ƙare tun watan jiya, mun koma 'yar siririya. An kawo mini yara biyu sababbi. Ranar farko na zaunar da su na karanta musu takardar kwali daga sama har ƙasa. Ɗaya ta ce ko za a iya mayar da ita ɗakin yara. Metiron ta ce 'yan yanzu ba su da juriya."

"Shi fa mutumin?"

"Wa, Adada Chipeta? Ba ki ji ba? Yana Lilongwe, taron kwana uku. Shi zai yi jawabi a kan yadda asibitinmu ya gano haɗarin da ke barazana ga ma'aikata mata, ya kuma magance shi cikin gaggawa. Har sabon kwat ya ɗinka."

Towera ta yi dariya har mararta ta sake murɗawa. Daga gaban cibiyar wata uwa ta ɗaga murya tana tambaya ko Sista ta gudu ne, rana na yi, ga gona na jira.

"Ga ni nan, Amama!" Ta kashe wayar, ta kakkaɓe rigarta, ta koma wajen sikeli.